Yana kashe ni da dariya, amma ya ƙi turo magabata

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, ina koyarwa a wata firamare a Zariya. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan muna tare da wani saurayi Bakano mai sayar da yadi. A bikin ƙawata muka haɗu. Ya fara ne da tsokanar nan ta Bakano da Bazazzagiya, na rama, ya rama, kafin a watse har na ba shi lambata. Gwaggo, ban taɓa ganin mai barkwanci irinsa ba. In ya zo zance, kakata har kujerarta take jawowa kusa da zaure, wai ta zo ganin "mijinta". Ko da ɓacin rai na dawo daga makaranta, minti biyar a waya ya isa in manta.

Matsalata biyu ce. Ina da 'yar i'ina, takan tashi in na ji kunya. Ranar da ya kawo abokansa uku su gan ni, na zo gaishe su harshena ya sarƙe, sai ya kwaikwaye ni, suka fashe da dariya. Na yi yaƙe na koma ciki. Da dare na yi masa magana, ya ce, "Haba, ke ba ki san wasa ba ne?" Bayan nan ya sake yi sau biyu. Ta biyu kuma, duk sanda na ɗauko maganar turo magabata sai ya mai da ita raha, wai ya riga ya sayi kwaɗon akwatin lefe, saura akwatin da kayan ciki.

Yanzu ga wani ya fito, malamin sakandare, abokin yayana. Mutumin kirki ne, amma zance da shi daga "ya gida, ya aiki, ya su Mama" sai shiru, ya kama kallon takalminsa. Wata uku kacal, har ya nemi a ba shi dama ya turo. Mama ta ce dariya ba ta cika tukunya. Ni kuwa tsoro nake ji in yi rayuwa a gidan da ba a dariya. Wauta nake yi?

'Yarki daga Zariya.

Wa alaikumus salam 'yata. Ba wauta kike yi ba, kuma ki ce wa Mama ina gaishe ta, amma a wannan gaɓar ban bi bayanta duka ba. Gaskiya ne dariya ba ta cika tukunya. Sai dai ranar da tukunyar ta ƙi cika, kuma kowane gida yana da irin wannan ranar, ma'auratan da suka iya kallon juna su yi dariya sun fi saurin kaiwa gobe lafiya. Sa'ad da Jabir ɗan Abdullahi ya gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa ya yi aure, cikin abin da Annabi ya ambata masa na daɗin aure akwai cewa ya yi mata wasa ta yi masa wasa, ya sa ta dariya ta sa shi dariya. Yana cikin Bukhari da Muslim. Shi da kansa ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya ce mata wannan ramuwar waccan ce. Saboda haka duk wanda ya ce miki neman raha a aure shiririta ce ta 'yan zamani, ki ce ya koma makaranta.

Amma ki sake duba lafazin hadisin Jabir ɗin. Ya yi mata, ta yi masa. Ta nan zan shiga maganar Bakanon naki.

Na gane abin da ya ja ki gare shi tun ranar bikin. Tsokanar Bakano da Bazazzagiya tsohuwar hanya ce da kakanninmu suka share, irin ta Bafillace da Babarbare, da Bagobiri da Bayarabe, da ɗan mace da ɗan namiji masu karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Mutanen Nijar sun ɗauke ta da muhimmanci har suka kai ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka sa ta cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2014. Amfaninta ga saurayi da budurwa a bayyane yake. A al'adarmu mai kunya, namiji ba zai tari yarinyar da bai sani ba a tsakiyar taro ya ce ta burge shi. Amma zai iya cewa, "Au, ashe baiwarmu ce," ita kuma ta mayar masa da wadda ta fi ta zafi, kuma ba wanda zai ce ɗayansu ya yi rashin kunya. In ta karɓa, an buɗe ƙofa. In ta sha kunu, ya ce ai wasan gado ne, ya janye da mutuncinsa. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, da shi kuma ake faɗa wa budurwa.

To amma wannan wasan yana da ƙa'ida, ko da ba a rubuce take ba. Abin da ake tsokana abu ne na kowa da kowa, garinku da garinmu, tuwonku da tuwonmu, kuma kowane ɓangare riƙe yake da sandarsa. Shi ya sa kika ce "na rama, ya rama", kuma na tabbata kin koma gida kina murmushi ke kaɗai. Yanzu ki ajiye wannan ranar kusa da ranar da ya kawo abokansa. Maza huɗu zaune a kan tabarma, ke kaɗai durƙushe kina gaisuwa, kunya ta riga ta ɗaure ki. Me za ki rama da shi? Abin da ya taɓa ba na Zage-zagi ba ne, naki ne ke kaɗai, kuma abu ne da kika fi kowa sanin ciwonsa tun kina 'yar aji ɗaya ana ce miki tashi ki karanta. Abokansa sun sha dariya, shi ya sha kirarin cewa ya iya zance, ke kuma kika biya kuɗin. Kin ce yaƙe kika yi. Jikinki ya riga ya ba ki amsa tun kafin ki rubuto min.

Akwai wani hadisi a Abu Dawud da nake son ki riƙe, don ya zo daidai kan abin da aka yi miki. Nana A'isha ta yi wa Annabi nuni da gajartar kishiyarta Nana Safiyya, sai ya ce mata ta faɗi kalmar da in aka cakuɗa ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. A cikin ruwayar kuma ta ce ta taɓa kwaikwayon wani mutum a gabansa, ya ce shi ba ya son ya kwaikwayi wani ko da za a ba shi kaza da kaza. Mutumin da yake raha da tsofaffi da yara, yake tsere da matarsa, shi ne ya ja layi a kan kwaikwayon mutum. Kuma kada i'inar nan ta sa ki riƙa jin kamar an yi miki alfarma ne da aka so ki. Annabi Musa ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, yana nan a Suratu Ɗaha, wanda kuwa ya yi masa gori da rashin fitar magana Fir'auna ne. Ban ce ki je ki kira saurayinki Fir'auna ba, kar ki ja min.

Kwaikwayon farko ma zan iya yafe masa. Masu barkwanci suna da wata lalura: in sun ga taro, bakinsu yakan riga hankalinsu. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne amsar da ya ba ki da dare. "Ke ba ki san wasa ba ne?" Kin zo da ƙorafi, kin koma da laifi. Da ma wannan jumla aikinta ke nan, ta sauke kaya daga kan wanda ya yi ta ɗora wa wanda aka yi wa. Sannan ya sake, har sau biyu, bayan ya san yana yi miki ciwo. Ta farko suɓutar baki ce, na yarda. Ta biyu da ta uku kuwa da saninsa.

Ina da wata maƙwabciya a unguwar da muka fara zama bayan aurena. Mijinta shi ne tauraron majalisar ƙofar gida. Bayan isha'i sai ki ji maza suna ta ƙyaƙyata, wani har da buga ƙafa, kuma rabin labaran na matarsa ne: yadda ta ƙona miya, yadda take minshari, yadda ta kira sunan wani magani a gaban likita. Mu matan unguwa muna cewa kai, wance ta yi dace, gidanta kullum nishaɗi. Wata rana na shiga aron turmi da yamma, na tarar yana cin abinci ita tana gefe tana tsince shinkafa, ba mai ce wa wani uffan. Da ya fita ta ce min, "Ai ni na daina magana a gabansa. Duk abin da na faɗa yau, gobe yana bakin titi." Inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Shekara goma sha wani abu ne a lokacin da aurensu, kuma ta ce min tun suna zance yake yi, tana ganin ai so ne.

Masu bincike ma sun bi ta kan wannan. Wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya tattara nazarce-nazarce 39 da suka shafi mutum sama da 15,000, ya fitar da sakamakon a 2017. Abin da ya gano shi ne, kasancewar mutum gwanin ban dariya a idon jama'a bai cika nuna ko abokin zamansa yana jin daɗin zaman ba. Abin da ya fi nunawa shi ne rahar da su biyun suke ƙirƙira tare, kuma barkwancin da ake muzanta abokin zama da shi yana tafiya ne tare da rashin jin daɗi. Turawa ne aka fi tambaya, amma maƙwabciyata da ba ta taɓa jin sunan Kansas ba za ta sa hannu a kai.

Sai maganar kwaɗon akwati. Wallahi na yi dariya da na karanta, kuma a nan haɗarin yake, don na san ke ma kin yi, maganar kuma ta bi iska. Barkwanci yana iya zama ƙofar shiga, yana kuma iya zama ƙofar baya ta tserewa. Wataƙila kasuwa ce ta yi masa nauyi yana jin kunyar faɗa, don kayan lefe a yau ba wasa ba ne. Wataƙila a gidansu an riga an yi masa mata. Wataƙila kuma hirar ce kawai yake so, ya samu mai yi masa dariya da zuciya ɗaya, abin da kowane mai barkwanci yake ƙishirwarsa. Ko wanne ne, shekara da wata biyu sun isa a ba ki amsa da fuska a ɗaure. Shari'a ma ba ta bar wannan fage ga wasa ba. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ce abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, da saki, da kome, wato mayar da matar da aka saka. Namijin da bai iya sauke wasa a kan na farko ba, ina jiye miki ranar da zai ɗauko shi a kan na biyu.

Ga abin da za ki yi. Kar ki yi masa maganar a waya, kar kuma ki yi ta ranar da kakarki ta jawo kujera, don da 'yan kallo ba za ki same shi ba. Ki bar shi ya zo, ku gaisa, kafin ya ɗauko labari ki ce, "Yau ina da magana, kuma ina roƙonka ka bari in kai ƙarshe." Sai ki faɗa masa kai tsaye: tsokanar gari da gari kina so, ya ci gaba, amma harshenki ba abin wasa ba ne, a gaban mutane ko a bayansu. Zai jefo wata ya ga ko za ki dara. A nan aikin yake, 'yata. Ki cije. Ki dube shi kawai ki yi shiru. Masu barkwanci ba abin da suke tsoro kamar shirun da ke biyo bayan zancen da bai samu dariya ba, kuma a cikin wannan shirun ne za ki ga mutumin da ke bayan rahar. Wani zai sunkuyar da kai ya ce, "Ban san ya kai haka ba, ki yi haƙuri." Wani zai hau fushi ya ce kin canza, an zuga ki. Wani kuma zai yi ta jefo wasa har ki gaji ki sake. Na farkon ne kaɗai za a iya gina gida da shi, shi ma sai kin ga wata biyu ko uku bai koma ba, musamman a gaban abokan nan nasa.

Maganar turowa kuwa ki cire ta daga bakinki gaba ɗaya, don ke yana iya narkar da ke. Ki sa yayanki ko wani ƙanin mahaifinki ya kira shi, cikin mutunci, ya ce gida suna son su san matsayinsa zuwa lokaci kaza. Ba a yi wa kawun yarinya zancen kwaɗon akwati. In rashin kuɗi ne ya faɗa, ana iya zama a rage buri, an sha yi. In kuwa ya ɓace, to kin huta da wata shekarar.

Bari in ce wani abu game da malamin nan mai kallon takalmi, don ina jin kin yanke masa hukunci da wuri. Kina auna shi da ma'aunin ɗan kama, alhali ba ɗan kama za ki aura ba. Wani masani Ba'amurke, Robert Provine, ya bi mutane a wuraren taruwa yana rubuta abin da aka faɗa daf da a yi dariya, har sau 1,200. Ya tarar ƙasa da kashi 20 cikin 100 ne ke biyo bayan abin da za a kira barkwanci. Sauran duk maganganu ne na yau da kullum, irin su "kai ma ka zo?" Ya kuma gano mutum ya fi yin dariya ninki 30 in yana cikin mutane a kan in yana shi kaɗai. Ma'ana yawancin dariyar da ake yi a duniya ta sakin jiki ce, ba ta gwaninta ba. Mutumin da ya zo gidan abokinsa neman ƙanwar abokinsa, yana sane da cewa yayanki na iya ɓullowa kowane lokaci, ina zai ga sakin jiki a wata uku?

Maigidana, Allah ya jiƙansa, haka yake. Zuwansa huɗu na farko na ƙirga kalmominsa ban cika hamsin ba, har na ce wa innata ni ba zan auri gunki ba. A zuwa na biyar ya kawo min tsire a takarda, ya ajiye a bayansa yana jiran ya samu ƙarfin halin miƙo min. Muna zaune shiru kamar masu zaman makoki, sai na ji ƙwas-ƙwas. Kyanwar gidanmu ce ta ja takardar ta shige ƙarƙashin buhunan gero da ke zauren. Ya juya ya duba, ya dawo da kansa a hankali, ya ce da muryarsa ta liman, "To, aƙalla wani a gidan nan ya karɓe ni." Na yi dariya har da hawaye, shi ma kafaɗunsa suka kama rawa. Shekara talatin da ɗaya muka yi, kuma duk ranar da na ƙi cin wani abu da ya sayo sai ya ce a kira kyanwa. Ba wanda ya taɓa gane abin da muke wa dariya, har 'ya'yanmu sai da suka girma. A waje kuwa mutane suna tausaya min, wai na auri mutumin da ba ya magana.

Ban ce malamin naki haka yake ba. Akwai shirun kunya, akwai kuma na wanda da gaske ba komai a ciki, ko wanda yake ganin dariyar mace rashin kamun kai ne, kuma wannan na ƙarshen ki guje shi kamar yadda za ki guji mai kwaikwayonki. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ku biyu malamai ne, kuma ba sana'ar da ta kai koyarwa tara abin dariya. Ki ba shi labarin amsar da wani ɗalibinki ya rubuta a jarrabawa, ki ga ko fuskarsa za ta motsa, ko shi ma zai ɗauko tasa. Ki tsokane shi kaɗan a kan takalmin nan da yake kallo, ki tambaye shi ko bashi ya ci wa mai shi. Ki sa kakarki ta fito ta kira shi mijinta, don tsofaffin nan sun fi mu iya buɗe kwaɗon da ya yi tsatsa. Ki kuma lura da abin da yake yi sa'ad da harshenki ya sarƙe: yana jira ki ƙarasa, ko yana ƙarasa miki, ko yana kau da kai? Ki tambayi yayanki yadda yake in suna su kaɗai. In ya ce ai a cikin abokai shi ne mai jefo 'yar magana ɗaya a kwashe da dariya, to kunya ce, kuma kunya tana warkewa.

Sai dai kar ki bari gaggawarsa ta zama taki. Ki roƙi gida su ce masa ya ɗan dakata, ba tare da an ba shi alkawari ba. Wata biyu sun isa ki yi waccan magana da Bakano, a ji amsarsa ta bakin manya, ki kuma ga ko malam zai ɗago kai. Ya wuce haka, riƙe mutum biyu ya zama zalunci, kuma Zariya ba ta da girman da magana ba za ta zaga ba. Ki yi istihara a tsakani. Kuma ki bar wa ranki cewa amsar tana iya zama ba ɗaya daga cikinsu, shekara 24 ba tsufa ba ne ko da 'yan uwa sun fara yi miki ƙirga.

Ki gaishe min da kakarki. Ki kuma ja ta gefe ki ba ta labarin ranar da abokansa suka zo, don daga wasiƙarki ban ga alamar ta sani ba. Ina son ki rubuto min abin da ta ce game da "mijin" nata.